Gonakin Gezawa: Lambun da Ba a Rubuta Littafinsa da Hausa Ba

A lambun Kew na birnin Landan an tara tsirrai masu rai, da littattafan shuka, da zane-zane da tsoffin takardu, duk a harabar wuri ɗaya. Can ne likita J. M. Dalziel ya yi aiki a kan tsirran Afirka ta Yamma, bayan ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Abin da ya fi kusa da lambun Kew a ƙasar Kano ba shi da katanga, ba shi da mai gadi. Gonakin Gezawa ne da na makwabtanta.

Ƙasa ce da mutane suka yi wa yawa, har ba a barin gona ta huta. Duk da haka ba ta mutu ba, saboda taki da toka da ake kai mata a mangalar jaki, da kuma itatuwan da manomi ke bari da gangan. Wannan ne ya jawo masani Michael Mortimore ya yi nazarin yankin tun shekarun 1960, daga baya mai bincike Frances Harris ta bi diddigin takin gonakin ƙauyen Tumbau. Kowace bishiya a nan da dalilinta. Gawo yakan zubar da ganye da damina, sai gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, da rani kuma awaki su ci 'ya'yansa. Ɗorawa kuwa, ba a sare ta sai da babban dalili: a tsotsi garinta, a dafa kalwa, a surfa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku ta zama daddawa.

Inda na ga an fi yin sakaci shi ne dangantakar gonar da sana'ar hannu. Majemi da bagaruwa yake jima. Jan fatar dukawa daga karan dafi yake fitowa, shuɗin marina daga baba, ƙwaryar da ake yi wa zane daga duma, tawadar almajiri kuma ba ta kama allo sai da ƙaro. Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, yana adana kayan da aka ƙera, amma baƙo ba zai ga tsiron da ya haife su ba, alhali rabin labarin ke nan.

Ilimin yana bakin tsofaffi, rubutaccensa kuma yawanci da Turanci yake, a ɗakunan karatun jami'o'i. Ɗan manomin Jogana ba ya kai wa gare shi.

Don gyara wannan, fili kaɗan ya isa. Ƙaramar hukumar Gezawa ta ware shi, a shuka baba da karan dafi da bagaruwa da lalle, a sa wa kowanne allon suna da amfaninsa, a naɗi muryar majema da masu daddawa, a buga littafin da Hausa, da boko da ajami, tun masu sanin suna raye.