Daga baki zuwa takarda: matsalar rubuta teyatur na Hausa a Nijar

A wannan ɗan nazari muna so mu dubi abin da kan sami wasan kwaikwayo, wanda jama'a ke kira teyatur, idan aka ɗauke shi daga dandali aka zuba shi a takarda. Wasan ya bunƙasa a zamanin mulkin Seyni Kunce (1974-1987), lokacin da aka farfaɗo da samariya, aka kuma fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram cikin 1976. Rediyo da talabijin suka kai shi gida-gida, har sunan Yazi Dogo da ƙungiyarsa ta Damagaram ya zama sananne ga yaro da babba.

Littafin da Janet Beik ta wallafa da Turanci a 1987 ya nuna cewa ƴan wasan ba su haddace rubutaccen matani. Sukan shirya ƙashin labari tare, sa'an nan kowa ya tufatar da shi da bakinsa. Mun yarda da ita. Sai dai abin da wannan ke jawowa ga mai rubutawa yana buƙatar ƙarin bincike, domin in magana ita ce wasan, to wanda ya taɓa maganar ya taɓa wasan.

Ga abin da muke gani a kundayen ɗalibai. Ɗalibi ya saurari kaset, ya ji tsoho yana cewa zamna, hwara, biyat, shina tahiya, sai ya rubuta zauna, fara, biyar, yana tafiya. A ganinsa gyara ya yi, tunda haka ƙa'idar rubutu ta koya masa. Amma a dandali karin harshe shi ne takardar shaidar ɗan wasa. Da Ba'adare ya buɗe baki, ƴan kallo sun san daga ina ya fito, sun san da wa zai yi wasan barkwanci, sun fara dariya tun bai kai ga abin dariyar ba. In aka mai da bakinsa na Kano, an raba shi da garinsu. Abin lura kuma, zamna ba gurɓatar zauna ba ce. Tarihin harshe ya nuna ita ce tsohuwar siga, kamar yadda sabka ta girmi sauka. Ke nan ɗalibin ya “gyara” uwa ne da ƴarta.

Faransanci ya fi shan wahala. Ma'aikacin biro da ke cusa “bon” da “donc” tsakanin kowace kalma biyu, da baƙauyen da ke kiran malamin lakwal mushe, ba yare ɗaya suke yi ba, ko da yake daga rijiya ɗaya suka ɗebo. Na farko yana nuna iko ne, na biyu kalma ce da ta riga ta zama Hausa. Mai rubutu yakan mai da su duka rubutun Faransa, ko ya Hausantar da su duka, sai tazarar da ke tsakanin mai biro da mai gona ta ɓace, alhali a kanta aka gina wasanni da yawa. (A gidajenmu, iyayenmu mata da ba su taɓa shiga lakwal ba su ne suka fi kowa kwaikwayon wannan ma'aikaci bayan an kashe rediyo, ba su san ma'anar “donc” ba, amma sun san girman kan da ke cikinta.)

Za a ce mana a Nijeriya wasannin Shu'aibu Maƙarfi sun tashi daga rediyo sun zama littafi ba tare da wannan hayaniya ba. Haka ne, amma can marubucin ne da kansa ya zaɓi sigar da za a buga. A nan ƴan wasan ba su zaɓi komai ba, wani ne daga baya yake zaɓar musu.

Ba muna sukar daidaitaccen rubutu ba ne. Taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, da dokar rubutu ta 1999 sun yi wa makaranta aiki, kuma tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025 buƙatar littattafan karatu ta ƙaru. Nan ne tsoronmu yake: a kwashi waɗannan wasanni a goge su don aji. Shawararmu ita ce a rubuta bakin kowane ɗan wasa yadda ya fito, a bar daidaitacciyar Hausa ga bayanin dandali, a kuma ajiye kaset ɗin kusa da matanin, da sunan garin da aka ɗauka da shekarar.