Ƙadangaren Roba a Zoben Makulli: Nazarin Wata Saƙar Yara

A Amurka, da wuya ka sami wanda ya yi ƙuruciya a shekarun 1990 bai san ƙadangaren duwatsu ba. Ɗan abu ne da tsawonsa bai fi tafin hannu ba, an saƙa shi da duwatsun ado na roba da zare, an maƙala masa zoben makulli a hanci. Yara kan koye shi a sansanin dogon hutu, ko wurin 'yan sikawut, ko a darasin aikin hannu, sa'an nan su rataye shi a zif ɗin jakar makaranta. Yayinsa ya zo daidai da na 'yan tsanan dabbobi na Beanie Babies, waɗanda kamfanin Ty ya fito da su a 1993, lokacin da tara ƙananan dabbobi ya zama ruwan dare a tsakanin yara. Faransa ta riga ta yi irin nata tun ƙarshen shekarun 1950, inda yara ke kitsa siraran igiyoyin roba masu launi da ake kira scoubidou, su ma yawanci a zoben makulli suke ƙarewa. Sai dai wancan yawanci kitso ne kawai. Wannan kuwa yana neman ya fitar da siffar mai rai, kuma a nan ne ƙarfinsa da rauninsa suke.

Dutsen da ake aikin da shi mai siffar ganga ne, faɗinsa wajen milimita 9, tsayinsa 6, raminsa kusan 4. Kakansa na gilashi ne, irin wanda fataken Turawa suka riƙa kai wa 'yan asalin ƙasar Amurka a farkon ƙarni na 19. Faɗin ramin nan shi ne sirrin aikin duka, domin dole zare ya ratsa kusan kowane dutse sau biyu. Ana yanko zare kamar mita ɗaya da rabi, a ninka shi gida biyu daidai, a zarge shi a jikin zoben, sai ya zama akwai baki biyu, na dama da na hagu. A zura duwatsu biyu a na dama, a ɗauko na hagu a bi ta cikinsu ta ɗaya gefen, a ja. Layi ɗaya ya samu, zarurrukan sun yi musanyar wuri. Layi na biyu duwatsu uku ne: baƙi, kore, baƙi, idanu ke nan. Haka za a yi ta sauka, layi bisa layi, har jela, inda ake bin dutse ɗai-ɗai.

Ƙafa ce wurin da ake gane wanda ya iya. Ita da zare guda ake yin ta: a zura duwatsu biyu na dantse, a ƙara uku na yatsu, sai a tsallake ukun nan a komo ta cikin biyun farko. Da an ja, ukun sai su buɗe su zama yatsu. Duk wanda ya taɓa zama kusa da yaro yana wannan ya san yadda abin yake. Harshe a waje, an manta ba a tura duwatsun sun manne da jiki ba kafin a ja, ƙafar dama ta zauna daram, ta hagu tana reto a tsirarar zare. Ba gyara sai warwara. In an ja da ƙarfi ƙadangaren ya lanƙwashe, in an sassauta ya yi giɓi-giɓi. Wanda kuma bai daidaita ninkin farko ba, sai ya iso tsakiyar jela zai tarar zaren gefe ɗaya ya ƙare.

To, me ya sa ƙadangare, ba doki ko giwa ba? Dabarar ce ta zaɓe shi. Saƙar zare biyu ba ta iya fitar da komai sai abu shimfiɗaɗɗe, wanda damansa da hagunsa suke daidai, kamar ana kallonsa daga sama. Dabbar da aka saba gani a haka ita ce mai rarrafe a bango ko a ƙasa: ƙadangare, kada, kunkuru, kunama. Ga shi kuma layukan suna lanƙwasa a tsakaninsu, in ka kaɗa zoben sai jelar ta yi wutsil-wutsil. Wannan motsi ba wanda ya tsara shi, saƙar ce ta ba da shi kyauta. Littattafan zane da suka biyo baya sun cika da kyanwa da kare da zomo da giwa, amma a ganina yawancinsu tilas aka yi musu. Dabbar da ake gane ta daga gefe, in aka baje ta, sai launi kaɗai ya rage mai shaida. Cire ruwan toka daga giwar duwatsu ka ga ko akwai mai cewa giwa ce. (A Amurka dai tsaka suke nufi da wannan halitta, suna kuma sonta. Bahaushe ba zai rataya tsaka a makullin ɗakinsa ba, don haka na bar ta a ƙadangare.)

Masu koyarwa suna yabon aikin da cewa yana horar da yatsu da ƙirga, kuma ba su yi ƙarya ba. Tun Maria Montessori, wadda ta buɗe ajinta na farko a Rum a 1907, duwatsu a jere suke cikin kayan koyar da lissafi. Yaron da ke bin zane yana karanta layi da gurbi, yana ƙirgawa, yana ganin sakamakon kuskurensa nan take ba tare da malami ya ce uffan ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda kasuwa ta ƙuntata abin. Ana sayar da shi a leda, an ƙirga duwatsun, an yanka zaren, ga takardar zane. Yara ashirin a teburi ɗaya, ƙadangaru ashirin iri ɗaya, bambancinsu launi. Kwatanta da yaron da ke ƙera motar kara ko ya gina saniya da laka a bakin kududdufi: ba zane, ba ƙirgaggen kaya, sai ya kalli saniyar da idonsa ya yanke shawarar inda tozo zai zauna. Saƙar duwatsu ba ta kai wannan matsayi sai ranar da yaro ya ɗauki takarda mai gida-gida ya zana nasa, ya gano da kansa cewa layi mai duwatsu bakwai ba ya zama a ƙarƙashin mai biyu ba tare da zare ya fito fili ba. Kaɗan ne ake bari su kai nan, domin sa'a guda aka ware wa darasin, iyaye kuma suna jiran su ga abin da aka kammala.

A kudancin Afirka dabbobin duwatsu sun bi wata hanya dabam. A titunan Afirka ta Kudu da Zimbabuwe manya ne ke yin su don neman abinci, da waya maimakon zare, da ƙananan duwatsun gilashi. Waya tana tsayawa inda aka lanƙwasa ta, shi ya sa hawainiyarsu ke da tudun baya, raƙumin dawansu ke tsayuwa da ƙafafunsa. Ta fuskar fasaha sun yi wa na Amurka fintinkau, amma ba aikin ɗan shekara bakwai ba ne. Waya na huda yatsa, duwatsun kuma sai mai haƙuri. A Nijeriya ma cibiyoyin koyon sana'a na koya wa mata da 'yan mata saƙar duwatsu, jaka da kwandon fure da maƙalin makulli, sai dai can ciniki ake nufi, ba wasa ba.

Zoben kansa abin lura ne. Ɗan shekara bakwai ba shi da makulli. Abin da ya saƙa ko dai ya tafi jakar makaranta don abokai su gani, ko ya zama kyauta ga uwa ko kaka, wadda za ta yi ta yawo da shi a jaka tare da makullin mota. Can ne ake gwada ingancin aiki, domin zaren roba mai santsi ba ya riƙe ƙulli, in ba a ninka shi an ɗiga gam ba, wata rana jela za ta kwance duwatsu su watse. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ke da yaro mai rarrafe. Dokar Amurka ta hana sayar wa yaran da ba su kai shekara 3 ba kayan wasan da ke shigewa cikin wani bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, saboda haɗarin shaƙewa, dutse ɗaya kuwa bai kai sulusin wannan faɗin ba. Shi ya sa masu koyarwar da suka san aiki suka fi son zaren satin ko na lailan, su naɗe bakinsa da salatif don ya yi tsini, su kuma bar ƙullin ƙarshe a hannun babba.