Tsokaci a Kan "Tatsuniyoyi da Wasanni": Matsayin Goggo Baƙuwa

Littattafan "Tatsuniyoyi da Wasanni" na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya sun shigar da tatsuniya aji, wannan kuwa abin yabo ne. Sai dai ɗab'i yakan tsayar da labari a kan siga guda. A gidajen Bebeji da Kiru, koyar da yara ba ya tsayawa don goggo ta zo ganin gida daga Tudun Wada ko Doguwa. Ita ce ma ke karɓar darasin bayan sallar lisha. Gizonta yakan saɓa da na uwar yara, su yi ta gardama, su koyi auna zance. Saboda haka, malamin da ya dogara ga littafi kaɗai, ya ɗauki baƙuwa mai katse karatu, ya toshe wa yara wannan kafa.