Kafin a goge saitin rauta, a fara yin ping

Wata ɗabi'a tana yaɗuwa a tsakanin matasan da ke harkar haɗa intanet a ofisoshi, makarantu da cibiyoyin rubuta jarrabawa ta kwamfuta, kuma tana damuna ƙwarai. Da an ce sabis ya ɗauke, sai a buɗe Speedtest, manhajar auna saurin intanet, a waya. In bai nuna komai ba, a zare wutar rauta a mayar. In abin ya ƙi, a nemo tsinke a soka a ɗan ramin nan na bayanta, a goge duk saitin da ke ciki. Ping, wanda da shi ya kamata a fara, an mai da shi kayan tsofaffin injiniyoyi, wai baƙin allo da rubutu ya wuce zamani.

Wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ne ya rubuta ping a watan Disamban 1983, yana aiki a wata cibiyar bincike ta sojojin Amurka. Ya ɗora shi a kan ƙa'idar ICMP da Jon Postel ya wallafa a 1981. Aikinsa ɗaya ne tak: ya aika ɗan ƙaramin saƙo zuwa wani adireshi, ya jira amsa, ya faɗa maka ko ta dawo da tsawon lokacin da ta ɗauka. Sallama ce kawai a ƙofar gida, a ji ko akwai mai amsawa. Sauƙin nan shi ne ƙarfinsa, domin tambaya ɗaya yake yi, amsarsa kuma ba ta da harshen damo.

Speedtest ba haka yake ba. Kafin ya nuna maka lamba, sai wayarka ta haɗu da rauta, rauta ta haɗu da kamfanin sadarwa, DNS ya fassara suna zuwa adireshi, sabar da ke can nesa kuma ta amsa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya samu matsala, abin da za ka gani kawai shi ne ya gaza, ba zai faɗa maka a ina ba. Mai ping kuwa daga kusa yake farawa, yana matsawa mataki-mataki. Ya gwada 127.0.0.1 ya tabbatar kwamfutar kanta lafiya take. Sannan adireshin rauta, wanda galibi 192.168.1.1 ne ko 192.168.0.1, ko 192.168.8.1 a yawancin na'urorin Huawei. In rauta ta amsa, kebul da ƙofar da aka soka shi sun fita daga zargi. Sai ya gwada 8.8.8.8 na Google. In wannan ya amsa amma sunan shafi ya ƙi buɗewa, to matsalar DNS ce, gyaranta layi ɗaya ne a saiti. Duk wannan bai kai minti biyu ba.

Lambobin ma suna magana ga wanda ya iya karanta su. Rautar da ke ɗaki ɗaya da kai, ta kebul, bai kamata amsarta ta wuce milisakan ɗaya ko biyu ba. In tana kai ɗari, ko saƙo yana ɓacewa jefi-jefi, duba kan kebul ɗin da aka matse, ko cunkoson Wi-Fi in ba ta kebul ka haɗu ba. A rautar Cisco saƙo biyar ake aikawa, alamar motsin rai na nufin an amsa, ɗigo na nufin shiru. Sau da yawa na farko kan fito ɗigo, sauran huɗun su yi daidai, domin rautar tana neman adireshin na'urar maƙwabciya ta ARP ne tukuna. Wanda ya san wannan ba zai tayar da hankalinsa ba.

Ku tuna ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya, Ghana da maƙwabtansu. A rana irin wannan rautar ofis lafiyarta ƙalau, za ta amsa ping nan take, shirun yana can gaba. Wanda ya goge saitinta ya ƙara wa kansa aiki ne: sunan shiga da kalmar sirri da kamfani ya bayar, rabon adireshi, saitin Wi-Fi, duk sai an sake su, kuma sau da yawa wanda ya yi saitin farko bai rubuta su ko'ina ba.

Na yarda kashewa da kunnawa yana aiki a lokuta da dama, musamman inda wuta ke yawan ɗaukewa, na'ura ta rikice. Abin da nake ƙi shi ne a yi shi a makance, domin yana share shaidar abin da ya faru, gobe matsalar ta dawo ba wanda ya san dalili. Haka kuma shirun ping ba kullum yake nufin na'ura ta mutu ba. Kwamfutar Windows kan ƙi amsawa saboda katangar tsaronta, wasu masu saiti kuma suna rufe ICMP gaba ɗaya don tsoron harin da aka yi wa laƙabi da Ping of Death, wanda aka toshe tun ƙarshen shekarun 1990. A rufe amsa ping ta ɓangaren waje, wannan na fahimta. Amma rufe ta a cikin gida toshe wa kai ido ne, kuma tsarin adireshi na IPv6 ba ya aiki ba tare da ICMP ɗinsa ba.

Kirana ga iyayen gida a wannan sana'a ne, masu shaguna da malaman da ke koyar da ita. Yaron da ya zo koyo, kada a bar shi ya taɓa tsinken gogewa sai ya nuna sakamakon ping na rauta, na 8.8.8.8 da na sunan shafi, ya kuma faɗi da bakinsa a wane mataki amsa ta tsaya.