Wa zai ɗaura wa gaggafa sulke?

Duk wanda ya taɓa zama ana buga wasan Dungeons & Dragons ya san inda gardama ke ɓarkewa: ɗan wasa ya samu abin hawa, ya ce lallai sai ya sa masa sulke. Littafin 'yan wasa na 2014 ya yanke hukunci a taƙaice: sulken dabba ya ninka na mutum sau huɗu a kuɗi, sau biyu a nauyi. Sulken ƙarfe na jarumi zinariya 1,500 ne, ke nan na dokinsa 6,000, alhali dokin yaƙin kansa 400 ake sayar da shi.

A kan doki, lissafin ba laifi. Abin da ke damuna shi ne yayin da ake yi yanzu, inda masu jan wasa ke ɗora wannan ƙa'ida a kan kowace halittar almara: girifin mai kan gaggafa da jikin zaki, da ƙaton ƙadangare, har da gizo-gizo. A ninka kuɗi kawai, a jefa ɗan lido, a wuce. Ba mai tambayar yadda fiffike zai ɗaga ƙarfe kusan kilo 59, ga mahayi a bisa. Bugun 2003 ya fi hankali, don ya hana dabba tashi sama muddin sulkenta matsakaici ne ko mai nauyi.

Wanda ya ga 'yan lifidi a hawan Sallah a Kano ko Katsina ba ya buƙatar dogon bayani. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi na tare kibiya, amma auduga ce aka cusa a ƙyalle: ga zafi, ga nauyi, wuta kuwa abokiyar gabarsa ce. Barde ya san abin da ya samu, ya kuma san abin da ya sadaukar.

Irin wannan ciniki nake so mai jan wasa ya kawo tebur. Girifin ya sa fata ya tashi, ko ya sa ƙarfe ya taka ƙasa. Ƙadangaren da aka lulluɓe ya gaji da wuri a rana. Mai lifidi ya ji gabansa ya faɗi idan matsafi ya kunna wuta a tafin hannunsa. Nan ne ɗan wasa zai tsaya ya yi shawara da abokansa kafin ya kwance jakar zinariya, kuma wannan shawarar ita ce daɗin wasan.