Zainab Ma Sace Ta Aka Yi: Nazarin Fim ɗin The Milkmaid

Duk wanda ya juya takardar naira 10 zai ga matan Fulani biyu ɗauke da ƙoren nono, irin waɗanda muke gani ranar kasuwa a Kirikasamma da Haɗeja. Daga wannan hoto ne Desmond Ovbiagele ya samo tushen fim ɗinsa, The Milkmaid, na shekarar 2020. A jihar Taraba aka ɗauke shi, yawancin maganar cikinsa kuma Hausa ce. Ya ci kyautar gwarzon fim ta AMAA a wannan shekarar, Nijeriya kuma ta tura shi gasar Oscar.

Labarin 'yan'uwa mata biyu ne, Aisha da Zainab, waɗanda 'yan ta'adda suka raba da ƙauyensu. Aisha ta bi sawun 'yar'uwarta, amma Zainab ɗin da ta tarar ta riga ta rungumi aƙidar waɗanda suka sace ta, har ta sami matsayi a cikinsu.

Ƙarfin fim ɗin a wurin Zainab yake. Maryam Booth ta fito da ita ba tare da ta nema mata tausayinmu ba. An zalunce ta, ita ma tana zalunci, fim ɗin kuwa ya ƙi ya zaɓar mana ɗaya. Mu masu wa'azi mun saba raba mutane gida biyu, Habila a nan, Kayinu a can, domin hakan ya fi daɗin faɗa a kan bagade. To, a wane gida za mu sa Zainab? Tun 2016 gwamnati take karɓar tubabbun mayaƙa a ƙarƙashin shirin Operation Safe Corridor, mata kuma suna dawowa daga daji goye da 'ya'yan waɗanda suka kashe iyayensu. Faston da aka tura Borno ko Yobe zai iya tarar da irin wannan mace a ƙofar majami'arsa, gwauruwar da aka kashe wa miji kuma tana zaune a ciki.

Inda na saɓa da fim ɗin shi ne wajen Ɗangana, mayaƙin da lamirinsa ya fara damunsa. An ba damuwarsa fili mai faɗi, mutanen ƙauyen da aka hallaka kuwa sun wuce kamar hayaƙi, ba mu san su ba balle mu yi makokinsu. Kyan duwatsun Taraba ma yakan sanyaya wa mai kallo rai a wurin da bai kamata ransa ya sanyaya ba. A Ayyukan Manzanni sura 9, da Shawulu ya zo Urushalima almajirai sun ji tsoronsa, Luka kuma bai zarge su ba. Sai da Barnaba ya tsaya masa. Fim ɗin bai ba irin wannan tsoro na waɗanda aka cuta haƙƙinsa ba.

Ku kalle shi tare da dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata kafin ku yi tunanin nuna wa matasa.