Zolaya a Bakin Japanawa: Wasan da Ba a Yi Shi Kaɗai

Ba'amurke ko ɗan Ingila da ya koyi Japananci yakan ƙware a nahawu da gaisuwa tun kafin ya iya ba mutum dariya. Makamin da ya zo da shi daga gida gatse ne. Ana tafka ruwan sama, sai ya ce da fuska a ɗaure, "Kai, yau gari ya yi kyau." A Landan za a murmusa. A Tokyo kuwa, sau da yawa mai sauraro zai dubi sama, ya dube shi, ya yi shiru don kada ya kunyata baƙo. Japanawa sun san gatse sarai, sai dai sun fi jin sa a matsayin habaici mai ciwo, wanda bai dace da hirar abokai ba.

Rahar da ta yi jijiya a can aikin mutum biyu ce, kuma babbar makarantarta ita ce manzai, wasan barkwancin da ya bunƙasa a Osaka. Ɗaya, wanda ake kira boke, shi ke sakin shirme. Ɗayan, tsukkomi, ya tare shi nan take, galibi da "Nande ya nen!" a karin harshen Kansai, yankin da Osaka take, wato "Wannan kuma wane irin zance ne!", wani lokaci har da ɗan bugu a kafaɗa. A shekarun 1930 ne Yokoyama Entatsu da Hanabishi Achako suka hau dandamali sanye da kwat, suka ajiye kiɗa da rawa, suka mai da wasan hira zalla a ƙarƙashin kamfanin Yoshimoto, wanda aka kafa a 1912. Gasar manzai ta M-1 da aka fara a 2001 tana ba gwanayen da suka ci yen miliyan 10.

Duk wanda ya kalli manzai da kyau zai lura cewa dariya takan ɓarke ne a daidai tarewar. Tsukkomi shi ke shaida wa kowa cewa wasa ake yi, alhali daɗin gatsen Bature yana cikin ɓoye wannan shaidar. Don haka a ganina abin da ya kamata mai koyo ya fara iyawa shi ne amsa wasa. Idan abokin aiki ya zuga labari a wurin cin abinci bayan an tashi daga ofis, jira yake a kama shi. Wanda ya gyaɗa kai cikin ladabi ya ce "sō desu ka", wato "haka ne?", ya bar shi rataye. In kuma baƙon ne ya saki shirmen, to ya rufe da "nanchatte" ko "jōdan da yo", don a san da wasa yake. Kuma ya kiyaye matakin harshe, domin zolayar shugaba da kalmomin da ake yi wa tsara rashin kunya ce, komai kyawun niyya.

A nan ne al'adar take da tabo. Tsokanar da suke kira ijiri yawanci daga sama take gangarowa: babba ya tsokani ƙarami kan ƙibarsa ko rashin aurensa, ƙaramin kuma dole ya yi dariya don kada a ce ya ɓata zama. A wasan taubasai, ko na Fulani da Barebari, kowane ɓangare yana da damar ramawa, kuma wannan damar ce ke hana wasa zama cin fuska. Sabon ma'aikaci a ofishin Tokyo ba shi da ita. Japanawa da kansu sun daɗe suna muhawara kan inda tsokana ta ƙare cin zali ya fara, har hukumar BPO mai lura da ɗa'ar shirye-shiryen talabijin ta fitar da gargaɗi a 2022 kan shirye-shiryen da ke mai da azabar mutum abin dariya, saboda yara suna kallo suna kwaikwayo.